Yadda za ka raba wayarka da kiran 'yan talla da saƙonnin da ba ka nema ba

Da yawa daga masu cewa sun gwada 2442, lambar da ake tura wa saƙo don a daina turo wa layi talla, bai yi musu komai ba, ƙarar da ba tata ba suka kai wa lambar. Abubuwan da ke cika waya da kira da tes iri-iri ne, kuma kowane allazi da nasa amanu. Akwai tallan da kamfanin layinka da abokan cinikinsa ke turowa. Akwai rajistar da aka yi maka ba da saninka ba, ana zaftare maka kati kullum. Akwai 'yan damfara. Akwai kuma manhajojin bashi da duk wani wanda ya samo lambarka daga hannun wani. Lambar 2442 ta farkon kawai take magancewa, shi ya sa aikin ke farawa da tantancewa.

Buɗe akwatin saƙonninka, ka duba na mako biyun da suka wuce, ka lura da sunan mai turowa. Idan suna ne da haruffa, ko gajeriyar lamba mai alƙaluma uku zuwa biyar, saƙon ta hannun kamfanin sadarwa ya biyo, kuma akwai hukumar da za ta iya kama wanda ya turo shi. Idan cikakkiyar lambar waya ce mai alƙaluma 11, mutum ne riƙe da sim irin naka. Idan kuwa ta fara da alamar + amma ba 234 ke biye da ita ba, daga wajen Najeriya take. Haka za ka yi da jerin kiran da suka shigo. Kada ka goge komai tukuna, za a buƙace su a gaba.

Matakin farko: 2442

Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya wannan lamba tun ranar 1 ga Yuli, 2016, zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta. Iri ɗaya ce a MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025. Ba a cire ko kwabo.

Shiga wurin rubuta saƙo, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Saƙo ake turawa, ba kira ake yi ba, ba kuma a sa tauraro da alamar # kamar ta duba kati. Amsa za ta dawo tana shaida maka an karɓi buƙatarka. Ka ba su kwana ɗaya, sannan ka tura STATUS zuwa 2442 don ka ga ko da gaske an sa layin a cikakken tsarin hana talla, wanda ake kira DND. Wannan amsa ta biyu ita ce hujjarka. Ɗauki hotonta, ko ka bar ta a akwati.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne waya mai sim biyu. Tsarin layi yake bi, ba ruwansa da wayar. In ka tura daga sim na ɗaya, na biyu na nan a buɗe, kuma wayoyi da yawa suna da sim ɗin da suka saba tura saƙo da shi ba tare da sun tambaye ka ba. Ka zaɓi sim ɗin da hannunka kafin ka danna turawa, ka yi wa kowane layi nasa. Har da layin da ke cikin na'urar wayfai ta gida, in kana karanta saƙonninsa.

Akwai kuma rabin tsari, ga wanda ke son wasu tallace-tallacen su ci gaba da zuwa. Tura HELP zuwa 2442, za a jero maka rukunai: 1 na banki da inshora, 2 na filaye da gidaje, 3 ilimi, 4 lafiya, 5 kayan masarufi da motoci, 6 sadarwa da nishaɗi, 7 yawon buɗe ido, 8 wasanni, 9 addini. Wasu kamfanonin sukan ƙara ɗaya ko biyu a kai, don haka ka bi jerin da naka ya turo. A nan akwai abin lura: lambar da ka tura ita ce wadda ka yarda ta riƙa zuwa maka. Wanda ya gaji da tallan ƙwallo ya tura 8, to ƙwallon ya buɗe wa ƙofa, ya rufe wa saura.

Ni dai shawarata a yi STOP gaba ɗaya. Rukunan suna da faɗi ƙwarai. Ka buɗe na 1 don ka riƙa jin labarin bankinka, sai ga masu tallan bashi da inshora sun shigo ta nan, alhali alat ɗin banki ba ya cikin talla tun asali.

Mutane kan ji tsoron kada STOP ya hana su alat da lambar sirri ta OTP. Bisa ƙa'ida ba ya hanawa, domin bankuna suna da hanyar tura saƙon hulɗa daban da ta talla. Amma gwaji ya fi zato: bayan kwana ɗaya, tura wa wani naira ɗari daga asusunka ka ga ko alat ya shigo. Abin da kan maƙale da gaske shi ne saƙon da ƙananan ƙungiyoyi ke turawa jama'a da yawa lokaci guda ta hanya mai araha: makarantar yara, Islamiyya, ƙungiyar 'yan kasuwa, sanarwar ɗaurin aure. Kamfanin layi kan ɗauke su a matsayin talla, ya tare su. In makarantar 'ya'yanka ta tes take sanar da hutu da taron iyaye, gaya musu layinka na kan DND, su riƙa kira ko su yi maka WhatsApp. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ALLOW zuwa 2442 zai mayar da komai yadda yake.

Saƙon da kamfanin layinka ke yi maka game da layin kansa, irin su datarka ta kusa ƙarewa, za a yi gyara a yankinku, ko batun haɗa NIN, zai ci gaba da zuwa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai kamfanoni kan fake da wannan su cusa tallan garaɓasarsu a ciki. Wannan kam abin kai ƙara ne, za mu zo kansa.

Mataki na biyu: gano mai cin katinka

Wannan ya fi talla ciwo, domin kuɗi ne ke fita. Naira 50 a kullum ba ta da yawa a ido, amma 1,500 ce a wata, 18,250 a shekara, a kan wasan kacici-kacici ko sakamakon ƙwallo ko waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka. Tura STOP zuwa 2442 yana hana sabon talla ne, ba lallai ya soke rajistar da ta riga ta hau kan layin ba. Ita sai an bi ta daban.

Tun 2023 NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya: *310# duba kati, *311# loda kati, *312# sayen data, *323# duba data, *303# rance, 300 kiran masu kula da abokan hulɗa. Wadda ta shafe mu ita ce *305#, ta dakatar da ire-iren waɗannan rajistoci. Danna ta, ka zaɓi duba abubuwan da layinka ke ciki, ka soke su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin jerin ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ko'ina akwai wurin dubawa da wurin sokewa. Ka jira saƙon tabbaci na kowanne, sannan ka sake dannawa ka ga jerin ya zama fanko. In kana da manhajar kamfanin a waya, leƙa tarihin cire kuɗi, nan za ka ga rana da adadi, wani lokaci har da sunan abin da ya ci.

Kafin ka ɗora wa kowa laifi, yi wannan gwajin. Da dare ka kashe data, ka duba kati da *310#, ka rubuta abin da ka gani. Da safe, kafin ka kira kowa, ka sake dubawa. In ya ragu, akwai rajista a kan layin. In bai ragu ba amma yana zurarewa da rana, wataƙila datarka ce ta ƙare wayar ta koma ci daga kati, ko kuma rancen da ka karɓa ne ake cirewa da ladansa. Waɗannan biyun *305# ba ta da maganinsu.

To yaya aka yi aka shiga tun farko? Hanyar da ta fi kama mutane ita ce saƙon da ke faɗowa tsakiyar allo kai tsaye, da "OK" a gefe ɗaya da "Cancel" a ɗaya gefen. Kana cikin danne-danne ya faɗo, yatsa ya sauka a OK, shi ke nan. A ƙaramar waya mai madannai abin ya fi muni, don babban madannin tsakiya shi ne amincewa, kuma shi hannu ya saba dannawa. Ka koya wa hannunka jan madanni, ko alamar komawa baya. Sai kiran da za ka ɗauka ka ji muryar da aka naɗa tana cewa ka danna 1. Kashe kawai, kada ka danna komai, ko da ta ce danna 9 don a daina kiranka. Akwai kuma tallan da ke cikin shafukan saukar da waƙoƙi da finafinai kyauta: in da datar sim kake shiga, shafin na iya gane lambarka, dannawa ɗaya ta isa. Na ƙarshe yara ne. Wayar da ake ba yaro ya yi wasa, a duba *305# ɗinta duk wata.

Mataki na uku: kai ƙara yadda za a saurare ka

In kwana biyu sun wuce, STATUS ya nuna kana cikin cikakken tsari, amma talla bai daina ba, ko an ci maka kuɗi a kan abin da ba ka nema ba, sai ƙara. Ana farawa ne daga kamfanin. Kira 300, ka zaɓi harshen da ka fi sakewa da shi, ka daure da jerin danne-dannen har ka kai ga mutum. Kafin ka kira, rubuta abu huɗu a takarda: ranar da ka tura STOP, sunan ko lambar mai turo saƙon, rana da lokacin da ya shigo, da adadin da aka cire in an cire.

Magana gajera ta fi aiki. Misali: "Layina yana kan cikakken DND tun ranar kaza. Jiya da ƙarfe huɗu saƙon talla ya shigo daga lamba kaza, kuma an cire mini naira ɗari a kan abin da ban yi rajista ba. Ina so a soke shi, a mayar mini da kuɗina, a kuma ba ni lambar ƙorafi." Wannan lambar ƙorafin ita ce gaba da komai. Ma'aikaci zai iya ba ka haƙuri da daɗin baki ya ce an gyara, amma in babu lamba, babu shaidar ka taɓa kira. Kada ka ajiye waya sai an karanto maka ita ko an turo ta tes. Tambayi kuma kwana nawa za a ɗauka.

In wa'adin ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kira 622. Layin NCC ne na karɓar koken jama'a, kyauta ne daga kowane layi, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka. Wanda ya tsallake 300 ya faɗa 622 kai tsaye, mayar da shi za a yi. Na san mutum zai ce a kan naira ɗari zan ɓata rabin awa? Gaskiya ne, lissafin bai fita ba in kai kaɗai ne. Amma kamfanin da ke cire ɗari-ɗari daga dubban layuka da wannan lissafin ya dogara, kuma hukumar da yawan koke take gane inda ɓarnar take.

Mataki na huɗu: saitin wayar kanta

Daga nan mun bar abin da hukuma ke iya hanawa. Mai kira da lamba mai alƙaluma 11 bai san da wata 2442 ba, sai dai wayarka ta tare shi. Sunayen da ke ƙasa da Turanci suke a yawancin wayoyi, kuma wurinsu kan sauya idan aka sabunta waya, don haka in ba ka gani ba, rubuta kalmar a wurin bincike na Settings.

A Android, shiga jerin kira, danna lambar ka riƙe, ka zaɓi "Block". In an ba ka zaɓin "Report spam", haɗa da shi, domin rahoton jama'a ne ke sa a riƙa yi wa wasu gargaɗi da lambar. A manhajar kira ta Google, danna ɗigo uku na sama, ka shiga Settings, sannan "Caller ID & spam", ka kunna. A "Blocked numbers" akwai wani maɓalli mai suna "Unknown": masu ɓoye lamba yake tarewa, ba duk wanda ba ka ajiye sunansa ba. Kunna shi ba ya da wata illa sosai, mai ɓoye lamba da wuya ya zo da alheri. Samsung na da nasa a saitin manhajar kira, "Caller ID and spam protection". Tecno da Infinix da itel kan sa nasu ƙarƙashin "Blocked" ko "Harassment filter". Ɓangaren saƙo ma haka ne: danna saƙon ka riƙe, ka toshe, sannan ka kunna "Spam protection" a saitin Messages. Masu layin Airtel kuma tun 2025 sukan ga an liƙa wa wasu saƙonni gargaɗin "Suspected SPAM" daga kamfanin, ba sai sun kunna komai ba.

A iPhone, alamar i da ke gefen lambar za ta kai ka ga "Block Caller". Akwai kuma tsarin da ke hana wayar ƙara in baƙuwar lamba ce, "Silence Unknown Callers", da "Filter Unknown Senders" na saƙonni. Na saƙonnin ba shi da matsala. Na kiran kuwa ban cika ba mutanenmu shawararsa ba. Ɗan kasuwa da baƙuwar lamba yake cin abinci. Direban da aka ba saƙonka a tasha da baƙuwar lamba zai kira. 'Yan uwa na ƙauye kan ari wayar maƙwabci in tasu ba caji, kuma labarin rashin lafiya ko rasuwa sau da yawa ta irin wannan lambar yake zuwa. Wanda aikinsa bai haɗa shi da baƙi ba zai iya kunnawa, amma ya riƙa leƙa jerin kiran da ya rasa.

Kada a rikita DND na NCC da "Do Not Disturb" na cikin waya, mai alamar jinjirin wata. Na wayar ƙara kawai yake kashewa, ta kowa da kowa, kiran na shigowa. Yana da amfani da dare: saita shi daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa asuba, ka ware iyaye da iyali, ka kuma kunna zaɓin da ke barin kira ya shigo in an maimaita shi nan take.

Ƙananan wayoyi ma suna da "Blacklist" a saitin kira, sai dai lambobin da suke ɗauka ba su da yawa. In ya cika, goge tsofaffin, don 'yan damfara ba sa daɗewa da layi ɗaya.

A WhatsApp, shiga Settings, Privacy, Calls, ka kunna "Silence unknown callers". A nan ba ni da ja, domin mai nemanka da gaske zai rubuto. A Privacy ɗin dai, shiga Groups ka mayar da shi "My contacts", don kada kowa ya jefa ka zauren tallan magani ko na zuba jari. Sannan ka kunna "Two-step verification" a ƙarƙashin Account.

Sai Truecaller, wadda kusan kowa zai ce maka ka sauke. Manhajar wani kamfanin Sweden ce, kuma tana aiki: takan nuna sunan mai kira, ta yi ja in mutane da yawa sun yi ƙorafi da lambar. Amma ka tambayi kanka inda take samo sunayen. Daga abin da masu amfani da ita suka bayar ne, shi ya sa za ka ga sunanka ya fito a wayar baƙo da laƙabin da wani ya ajiye ka da shi. Sunan da ta nuna kuma ba shaida ba ne, ɗan damfara zai iya sa wa lambarsa sunan banki. In wayarka na da tacewar Google ko ta Samsung, ta wadatar. In kana son cire lambarka daga rumbunsu, sai ka fara rufe asusunka a manhajar, sannan ka shiga shafinsu na "Unlist" ka sa lambar da +234.

'Yan damfara

Waɗannan ba talla suke yi ba, don haka duk wata ƙa'idar talla ba ta hau kansu. Kada ka tura wa lamba mai alƙaluma 11 kalmar STOP, kada ka zage shi, kada ka tsaya ja-in-ja don ka nuna masa ka gane shi. Duk amsar da ka bayar shaida ce cewa layin na da rai kuma mai shi na ɗauka, sai a sake gwada ka da wani salon.

Salon nasu sananne ne. Wani zai ce daga banki yake, an rufe BVN ɗinka, ka karanto lambar da aka turo maka yanzu. Wani zai turo alat na bogi, ya biyo da kira yana roƙo wai kuskure ya yi, ka mayar masa. Wani tallafin gwamnati ne ya fito da sunanka, saura kuɗin fom. Wani ya ce taron ƙungiya za a yi ta intanet, ka faɗa masa lamba shida da ta shigo wayarka, alhali lambar ƙwace WhatsApp ɗinka ce. A Arewa muna da namu na gida, mai kira da tsakar dare da sauya murya, wai shi aljani ne ko wani bawan Allah da aka nuna masa taskarka, sai ka tura kati ko kuɗin turare. Yakan fara da ambaton sunanka, abin da ke girgiza mutane ke nan, alhali samun sunan mai lamba ba wuya: manhajar nuna suna ta isa, ko a gwada tura kuɗi zuwa asusun da lambar waya ce lambarsa, suna ya fito.

Banki ba ya tambayar PIN, ko OTP, ko lambobi uku na bayan kati, ko a waya ko a tes. Alat kuma ba a gaskata shi sai an duba asusu ta manhaja ko lambar bankin. In kiran ya sa ka shakka, kashe, ka kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka da kanka.

Akwai kuma filashin daga ƙasar waje: ƙara ɗaya a katse, da lambar ƙasar da ba ka da kowa. So ake ka bi kiran, layin kuwa mai tsada ne, kowane minti ana raba kuɗin da wanda ya kafa tarkon. Mai ɗan uwa a Saudiyya ko Nijar ko Ghana ya san lambobinsu, +966 da +227 da +233. Abin da ba ka gane ba, bar shi. Mai nema zai sake kira.

In kuwa an riga an karɓi lambar sirrinka, toshe mai kiran ba shi ne na farko ba. Rufe asusun tukuna. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu nan take, galibi ko daga wayar wani, kuma kowane banki da tasa. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Bayan an rufe sai zuwa reshe, sai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC da hotunan saƙonnin da lambar asusun da aka tura kuɗin.

Manhajojin bashi da masu lambarka a hannu

Wani lokaci za a dame ka da kira a kan bashin da ba ka ci ba. Dalili ɗaya daga biyu ne. Ko wani da ke da lambarka ya karɓi rance a manhaja, ita kuma ta kwashe sunayen da ke wayarsa, ko kuma sabon layin da ka saya tsohon layin wani ne da aka sake sayarwa. Kasancewar lambarka a wayar mutum bai mayar da kai mai tsaya masa ba. Faɗa musu sau ɗaya, a rubuce, cewa ba ka ci bashi ba, ba ka tsaya wa kowa ba, su cire lambarka. Ɗauki hoton saƙonninsu, musamman masu zagi ko barazana, sannan ka toshe. Ƙararsu hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ake kai wa, wadda ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma wajabta musu rajista. Google ma tun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa sunaye da hotunan da ke cikin waya, shi ya sa masu wannan hali suka fi yawa cikin waɗanda ake turo wa mutum ta mahaɗi a WhatsApp ko tes. In kai ne ka ci bashin, shiga Settings, Apps, ka janye izinin Contacts da SMS daga manhajar. Abin da suka riga suka kwasa ya tafi, bashin kuma yana nan sai an biya, amma cin mutuncinka a wurin jama'a ba ya cikin haƙƙinsu.

Shago ko makaranta ko kamfanin da ka ba lambarka da hannunka, su kuma suka mayar da ita wurin talla, doka ta ba ka iko a kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce in mutum ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, dole a daina. Rubuta musu layi biyu: ban amince a riƙa turo mini talla ba, a cire lambata. Ajiye kwafi. Mafi yawa daga nan suke bari, wanda ya ƙi kuma NDPC ce wurin kai shi.

Masu layin Nijar da sauran ƙasashe, 2442 da 305 da 622 na Najeriya ne kawai. Saitin waya da na WhatsApp kuwa duk ɗaya ne a ko'ina.

Rage inda lambar ke yawo

Ba za a iya ɓoye lamba gaba ɗaya ba, tunda na'ura na iya jero lambobi daga 0803 ko 0802 ta yi ta aikawa ba tare da ta san kowa ba. Amma saƙon da ya zo da sunanka, ko ya san sana'arka, daga wani wuri aka samo shi: takardar sa hannu a taro, fom ɗin tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp, shafin caca, gasar cin kyauta a kanti, ko lambar da ka rubuta a fili ƙarƙashin wani rubutu a Facebook don an ce a ajiye lamba za a raba kati. Wannan na ƙarshen kam kai ka kai kanka.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce raba layi biyu. Ɗaya na banki da NIN da iyali, ba a rubuta shi a fom, ba a liƙa shi a ƙofar shago. Ɗayan na kasuwa da jama'a, shi za a bayar duk inda aka tambaya. Dukansu a sa musu STOP. Haka za ka karɓi wayar Baba da ta Inna in ka je gaishe su, ka tura musu STOP, ka duba *305#, domin layukan dattawa ne aka fi samu da rajista uku ko huɗu suna ci a ɓoye, su kuma sai dai su ce kati ba ya albarka yanzu.

Duk lokacin da ka yi sabon sim bayan ɓatan waya, ko ka ƙaura da lambarka zuwa wani kamfani, sake tura STATUS ka tabbatar tsarin bai sauka ba. Layin bankin nan kuma kada ka bar shi a aljihun tebur don tsabar ɓoyo. Layin da ya yi watanni ba kira, ba data, ba loda kati, kamfani na rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, alat ɗinka da OTP su koma hannun baƙo. Ka riƙa sa masa kati ko na ɗari ne, kana yin kira da shi duk wata.